Ciwon Bayan Baba Da Ya Ƙi Jin Magani: Mayeloma, Kansar Da Ke Ɓuya A Ɓargo

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda dama sun fi son karantawa.

Yau hira ta kai mu Kankiya da Kusada, kuma zan fara da wani hoto da na tabbata yawancinku kun taɓa ganin irinsa a gida ko a maƙwabta.

Dattijo ne manomi, shekara hamsin da 'yan kai ko sittin, a wani ƙauye tsakanin Kankiya da Kusada. Damina ta faɗi, ya fara cewa bayansa na ciwo. Ba wanda ya ɗaga kai, don wa ya shekara arba'in yana duƙe da fartanya bayansa bai yi ciwo ba? Aka aiki yaro kyamis: "Je ka ce a haɗo min na ciwon jiki." Ya sha, ya lafa kwana biyu, ya dawo. Wanzami ya zo ya yi ƙaho. Wani ya ce basir ne, aka jiƙa sassaƙe. Wata ta ce sanyin ƙashi ne. Kafin kaka ta yi, Baba ya rame, ya ɗashe, daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya ya huta. Aka kai shi asibiti, aka ce jininsa ya yi ƙasa, 'ya'ya suka ba da leda biyu aka ƙara masa. Bayan wata biyu jinin ya sake sauka. Sai ran nan ya sunkuya zai ɗauki buta, ya ji wani abu ya ce ƙas a gadon bayansa.

To, kar a fahimce ni a baibai. Mafi yawan ciwon baya na gajiya ne da tsufa, kuma yana wucewa. Amma wannan jerin da na lissafa, ciwon ƙashi da ya ƙi tafiya, ga jini na ta sauka ba tare da an ga inda yake zuba ba, ga karaya babu faɗuwa babu haɗari, hoton wata cuta ce da likitoci ke kira mayeloma. Kansa ce, amma ba irin wadda ke fitowa da ƙari a waje a gani a taɓa ba. A cikin ɓargo take zaune.

Bari mu shiga cikin ƙashin mu ga abin da ke faruwa.

Ɓargon nan da muke zuƙa idan an yi farfesun ƙashi, a jikin mutum shi ne ma'aikatar jini. Nan ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iska, da farare masu yaƙi da cuta, da masu sa jini ya daskare idan an ji rauni. A cikin fararen akwai wani rukuni da ake kira ƙwayoyin filasma. Aikinsu ƙera makaman garkuwar jiki: idan ƙyanda ta taɓa kama ka, ko aka yi maka rigakafi, su ne ke ci gaba da fitar da makamin da ya dace da wannan cutar. Kowace ƙwaya da irin nata makamin, dubbai daban-daban. A mai lafiya ba su da yawa, ɗan kaso ne ƙanƙani na ɓargo.

A mayeloma, ƙwaya ɗaya tak daga cikinsu ce ke lalacewa ta fara hayayyafa ba birki. 'Ya'yanta duk kwafinta ne, kuma duk makami iri ɗaya suke ƙerawa, wanda ba ya kashe kowace cuta. Daga nan ɓarna ke bi ta hanyoyi da yawa a lokaci guda, shi ya sa cutar ke rikita mutane: kowa ya kama reshe ɗaya ya ce shi ne ciwon.

Na farko, jini. Manoma sun san abin da ƙuduji ke yi wa gonar gero. Haka waɗannan ƙwayoyin ke mamaye ɓargo su hana shi aikinsa. Ka ƙara wa mutum leda goma, tunda ma'aikatar ce aka mamaye, jinin zai sake sauka.

Na biyu, ƙashi. Mutane da yawa ba su san ƙashi abu ne mai rai ba. Kullum ana gyaransa, kamar yadda ake yi wa katangar ƙasa bayan damina: wasu ƙwayoyi na kankare tsohon, wasu na yaɓa sabo. Mayeloma tana zuga masu kankarewa, tana danne masu yaɓe. Sai ƙashi ya yi ramuka. Idan aka ɗauki hoton ƙoƙon kai, a kan ga huji-huji kamar an bi shi da abin hudawa. Ta fi cin ƙashin baya, haƙarƙari, ƙugu da ƙoƙon kai, domin a jikin babba nan ne ɓargo ya fi aiki. Wani dattijon ma har tsawonsa ke raguwa, saboda gaɓoɓin ƙashin bayan sun rufta a kan juna. Kuma sinadarin kalsiyam da ke cikin ƙashin da ake rushewa ba ɓacewa yake ba, cikin jini yake kwarara. Idan ya yi yawa sai ƙishirwa, yawan fitsari, taurin bayan gida, tashin zuciya, har mutum ya fara ruɗewa yana magana ba kai. A nan ne wasu kan fara cewa iska ce ko jifa.

Sai garkuwar jiki. Makamai sun cika jini fal amma duk na banza ne, na kirkin kuma sun ragu. Yau limoniya, gobe ciwon mafitsara, jibi zazzaɓin da aka yi ta yi wa maganin maleriya da taifot bai sauka ba.

Sai ƙoda, kuma nan nake so mu daɗe, don nan ne hannunmu ke ciki.

Wannan makamin na banza yana da wani ɗan guntu ƙarami da ke iya ratsa matatar ƙoda. Idan ya yi yawa, sai ya dunƙule ya toshe ƙananan bututun cikin ƙodar. Dama ga kalsiyam ya hau, ga zafin watan Afrilu da Mayu a ƙasar Katsina, mutum na zufa ba ya shan ruwa isasshe. Ƙodar tana tafiya ne a bakin rami. Me kuma muke ɗora mata? Haɗin kyamis. Idan ka buɗe irin ƙullin nan na "ciwon jiki", da wuya ka rasa dikulofenak, ko ibufurofen, ko firoksikam, wani lokacin ma biyu a haɗe. Waɗannan magunguna suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Ga matashi mai lafiya da ya sha kwana biyu, galibi ba komai. Ga mai mayeloma kuwa, suna iya zama abin da zai tunkuɗa ƙodar cikin ramin. Likitocin jini na hana masu wannan cuta shan su kwata-kwata.

Ku duba abin takaicin. Ciwon ne ke sa a sayi maganin, maganin kuma na cin ƙodar a ɓoye, yana kuma rufe ciwon har a ɓata watanni. Su wa ake aika sayo shi? Mu. Su wa ke turo kuɗinsa daga Kano ko Abuja ko Legas, da saƙon "a saya wa Baba magani"? Mu ne dai. Ba laifi nake ɗora wa kowa ba, tausayi ne ke sa a yi. Amma duk wanda ya taɓa raka ɗan uwa wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, ya san wannan ba hanyar da gidan manomi zai iya jurewa ba ce. Mutum biyu masu mayeloma iri ɗaya, wanda ya isa hannun likita ƙodarsa na aiki da wanda ya isa ta riga ta tsaya, tafiyarsu ba ɗaya ba ce.

Wannan guntun da ke toshe ƙoda yana da tarihi mai ban sha'awa. A shekarar 1845, a birnin Landan, akwai wani ɗan kasuwa mai suna Thomas Alexander McBean da ke fama da ciwon ƙirji da baya mai tsanani. Kun san me likitocin Ingila suka yi masa? Suka zubar masa da jini, suka yi masa ƙaho, suka ɗora masa matsattsaku. Ashe wanzaminmu ba shi kaɗai ba ne. Likitansa William Macintyre ya lura da wani abu a fitsarinsa, aka aika samfuri ga wani masani, Henry Bence Jones. Idan aka ɗumama fitsarin sai wani abu ya dunƙule ya yi fari, idan ya tafasa ya narke, idan ya huce ya sake dunƙulewa. McBean ya rasu ranar 1 ga Janairun 1846, kuma da aka duba gawarsa an tarar ƙasusuwansa sun yi laushin da wuƙa ke yanka su. Har yau sunan Bence Jones ake kiran wannan furotin na fitsari da shi. Sunan cutar kuwa sai a 1873 aka raɗa shi, kuma sai a 1962 aka gano cewa abin nan na fitsari guntun makamin garkuwar jiki ne.

To su wa ta fi kamawa? Cutar manya ce. Da wuya a gan ta ƙasa da shekara 40, kuma ta ɗan fi yawa a maza. A duniya, ƙiyasin 2022 ya nuna an samu sabbin masu ita kimanin 188,000. Amma ga abin da ya shafe mu kai tsaye: a Amurka, baƙar fata na kamuwa da ita ninki biyu na farar fata, kuma tana zuwar musu da wuri. Tsohon sakataren harkokin wajen Amurka, Colin Powell, yana fama da ita lokacin da korona ta kama shi ya rasu a Oktoban 2021. Garkuwar jikinsa dama ta riga ta yi rauni. An daɗe ana tambaya ko wannan bambancin daga yanayin rayuwar Amurka ne ko daga asali. Sai wani bincike da aka wallafa a 2007 ya auna jinin maza 917 a birnin Akara na ƙasar Gana, 'yan shekara 50 zuwa 74. Aka samu kusan kashi 6 cikin ɗari suna ɗauke da matakin farko na wannan matsala, wato kusan ninki biyu na fararen fata a jihar Minesota ta Amurka. Ma'ana, ba cutar Turawa ba ce. Tamu ce, mutanen Afirka ta Yamma. Idan ba a yawan jin sunanta a garuruwanmu, ɗaya daga cikin dalilan shi ne ana binne mutane da sunan ciwon baya, ko ciwon ƙoda, ko "ƙarancin jini".

Wancan matakin farko da na ambata, likitoci na rubuta shi MGUS. Mutum na da ɗan wannan furotin a jini amma lafiyarsa lau. Kusan duk mayeloma daga nan take farawa, sai dai mafi yawan masu shi har su bar duniya ba ta zama kansa. Kimanin mutum ɗaya cikin ɗari ne ke tsallakawa a kowace shekara. Ba a ba shi magani, sa ido ake yi. Akwai mataki na tsakiya da ya fi wannan haɗari, wanda cutar ke cin ƙasa-ƙasa kamar wutar kara a ƙarƙashin toka. Akwai kuma sauran dangi: wani lokacin ƙwayoyin na taruwa wuri ɗaya su yi ƙari guda a ƙashi, wani lokacin furotin ɗin na daskarewa a zuciya ko ƙoda ko harshe, abin da ake kira amiloid, akwai kuma wadda likitan Suwidin Jan Waldenström ya bayyana a 1944, mai sa jini ya yi kauri har gani ya dushe.

Masana ba su kai ga gano musabbabi guda ɗaya ba. Ba a ɗaukarta wajen cin abinci tare ko jinya, don haka kar a ware wa Baba kwano. Wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa na jini ya yi ta, haɗarinsa ya ɗan fi na sauran mutane, amma duk da haka ƙarami ne. Akwai kuma binciken da aka yi kan manoman Amurka masu feshin maganin ƙwari da na ciyawa, aka samu MGUS ya ninka a cikinsu. Wannan bai tabbatar da cewa feshin ne ya jawo ba. Amma duk wanda ya ga yadda samarinmu ke goya tankin feshi da singileti, ba takunkumi, ba safar hannu, maganin na bin gadon baya, ba sai an jira hujja ta ƙarshe ba kafin a rufe jiki.

Yanzu a aikace, me za a yi? Ga inda wayarka da karatunka za su yi amfani. Kankiya gari ne da ke da makarantar horar da ma'aikatan lafiya, kuma ɗalibanta da yawa su ne gobe za su zauna a ƙananan asibitocin Kusada da Ingawa da sauran ƙauyuka, su ne farkon wanda Baba zai gani. Gare ku da sauranmu: dattijon da ya haura hamsin, ciwon baya ko haƙarƙari ya wuce wata guda bai ji magani ba, musamman idan yana hana barci, ko ga rama, ko ga ɗashewa, a daina haɗi, a kai shi Babban Asibitin Kankiya ko mafi kusa. A gaya wa likita labarin duka a jere, da ƙarin jinin da aka yi, da magungunan da ya sha. Ku tafi da ledojin maganin ma.

Gwaje-gwajen farko ba na ƙasar waje ba ne. Awon yawan jini, wanda ake rubutawa PCV. Awon ESR, wanda a mayeloma yakan yi sama ƙwarai, sau da yawa ya haura 100. Awon aikin ƙoda. Awon kalsiyam da jimillar furotin na jini. Hoton inda ke ciwo da na ƙoƙon kai. Wani abu da ya kamata a sani: ɗan tsinken nan da ake tsomawa a fitsari don duba furotin ba ya kama furotin ɗin Bence Jones sosai, don haka in ya nuna lafiya ba shi ke nan ba. Haka kuma tarin fuka na kama ƙashin baya, kansar mafitsarar maza ma na bazuwa zuwa ƙashi, kuma duk suna iya kama da wannan. Gwaji ne ke rabewa. Idan an ɗora mutum a kan maganin tarin fuka na ƙashi wata biyu, uku, ba sauƙi, a koma a sake tambaya.

Idan waɗannan suka nuna alama, sai a nemi takardar turawa zuwa likitan jini. Sa'ar da aka yi, Kankiya na kan babban titin Katsina zuwa Kano. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, akwai Asibitin Malam Aminu Kano, akwai na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya. Can ne za a yi gwajin da ke rarrabe furotin na jini ya fito da na banzan, sannan a ɗebi ɗan ɓargo da allura daga ƙashin ƙugu. Mutane na tsoron wannan, ana cewa za a zuƙe wa mutum laka. Ba laka ba ce, ba a ma kusa da ita. Ana kashe wurin da allura, 'yan mintoci ne, a ranar ake komawa gida. Idan aka samu lalatattun ƙwayoyin filasma sun kai kashi 10 cikin ɗari na ɓargo, ga kuma ɓarna a ƙashi ko ƙoda ko jini, an tabbatar.

Tana warkewa? Gaskiya ita ce, ga mafi yawan mutane ba a tumɓuke ta gaba ɗaya. Ana kwantar da ita ne, ta yi shiru shekaru, ta motsa, a sake kwantar da ita. Amma kar wannan ya sa a naɗe hannu, don kaɗan ne daga cikin cututtukan kansa aka samu ci gaba a kansu irin wannan. A Amurka, a shekarun 1970, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne ke kai shekara biyar bayan an gano ta; yanzu kusan shida cikin goma ne. Daga ƙarshen shekarun 1960 melfalan da firedinisolon ne madogara, kuma har yanzu suna aiki, ga sauƙin kuɗi. A 1999 aka nuna talidomaid na kwantar da ita. A 2003 botezomib ya fito, a 2006 lenalidomaid ya samu amincewa, a 2015 daratumumab. Akwai allurar ƙarfafa ƙashi, akwai gashi da na'ura ga wurin da ciwo ya tsananta. Akwai kuma dashen ɓargo da ƙwayoyin mutum na kansa. A Najeriya an fara dashen ɓargo a 2011 a asibitin koyarwa na Benin, kan mai sikila, amma har yanzu abu ne da ya fi ƙarfin yawancin mutane.

Kuɗi kam akwai shi, ba zan ɓoye ba. Sabbin magungunan na da tsada, kuma ba sha ɗaya ba ne, zagaye-zagaye ne na watanni. Shawarata, a zauna da likita tun ranar farko a faɗa masa ƙarfin aljihu ba kunya. Gara tsari mai sauƙin kuɗi da za a iya kaiwa ƙarshe, da a sayar da shanun huɗa da gona a yi zagaye biyu na mai tsada a tsaya. Wanda ke da inshorar lafiya, ta jiha ko ta tarayya, ya tambayi abin da ta ɗauka.

Talidomaid na buƙatar gargaɗi na musamman. Shi ne maganin da ya sa aka haifi jarirai fiye da 10,000 da naƙasar hannuwa da ƙafafu a ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960, saboda an ba mata masu ciki. A gidajenmu da ake cewa "ɗan sam min na Baba, ni ma bayana ke ciwo", wannan haɗari ne na gaske. A kulle shi. Mace mai ciki ko mai iya ɗaukar ciki kar ta kusance shi. Yana kuma iya sa jini ya daskare a jijiya, don haka kumburin ƙafa ɗaya ko numfashi sama-sama abin komawa asibiti ne nan take.

Sauran kulawar a hannun 'yan gida take. Ruwa da yawa, lita biyu zuwa uku a rana, sai idan likita ya taƙaita. Batun azumi kuma a tambayi likitan tukuna. Zazzaɓi ba a kwana da shi. Ciwo a nemi maganinsa a asibiti, akwai waɗanda ba sa taɓa ƙoda. Idan ƙashi ya karye, a sani cewa wannan ba karayar mai ɗori ba ce: ƙashin rubabbe ne daga ciki, ja da matsa na iya ƙara farfasa shi.

Akwai kuma alamar da ba ta jiran wayewar gari. Idan mai ciwon baya ya ce ƙafafunsa sun yi nauyi ko sun mutu, ko fitsari ya riƙe, ko yana zubowa bai sani ba, to ƙashi ko ƙari ne ya danne laka. A nan awoyi ake ƙirgawa. Idan aka sauke matsin da wuri, mutum na iya sake takawa. Idan aka kwana biyu ana tofi da shafe-shafe kawai, ƙafar kan tafi ke nan. A kwantar da shi a miƙe a kan abu mai tauri, kar a naɗe shi a bayan babur, a nemi mota a kama hanyar Katsina ko Kano a daren.

Nan za mu tsaya. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, za mu ɗauko wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.